Taskar Waƙoƙin Pete Seeger da Tarihin Samuwarta

Gabatarwa

Ranar 3 ga watan Mayu, 2019, kamfanin Smithsonian Folkways na ƙasar Amurka ya fitar da kundin waƙoƙin Pete Seeger, daidai da cikar shekara 100 da haihuwar mawaƙin. Kundin ya ƙunshi faifai 6 masu ɗauke da waƙoƙi 137, waɗanda 20 daga cikinsu ba a taɓa fitar da su ba, tare da littafi mai shafi 200. Jeff Place da Robert Santelli ne suka tsara shi, kuma a 2020 ya sami lambar Grammy ta kundin tarihi. Wannan bayani zai bi diddigin yadda taskar ta samu, domin akwai darasi a ciki ga mai nazarin waƙar baka.

Mawaƙin

An haifi Seeger a birnin New York a 1919, ya rasu ranar 27 ga Janairu, 2014. Abin kiɗansa shi ne banjo mai tsirkiya biyar, dangin molo da gurmi, wanda asalinsa ke komawa ga bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. Yakan rera tsofaffin waƙoƙin talakawa, yakan kuma shirya nasa a kan haƙƙin ma'aikata da yaƙi da wariyar launin fata. A 1948 shi da abokansa uku suka kafa ƙungiyar Weavers, wadda waƙarta "Goodnight, Irene" ta yi mako 13 tana kan gaba a kasuwar faifai a 1950.

Shekarun takunkumi

Wannan tashe bai daɗe ba. Lokacin ya zo daidai da farautar masu ra'ayin gurguzu a Amurka, shi kuwa Seeger ya taɓa zama ɗan jam'iyyarsu. Gidajen rediyo suka juya wa ƙungiyar baya, kamfanin Decca ya sallame ta. Ranar 18 ga Agusta, 1955, wani kwamitin Majalisar Wakilai ya kira Seeger, ya ƙi amsa tambayoyi a kan aƙidarsa da abokan hulɗarsa. A 1961 aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya bisa laifin raina majalisa, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1962. Duk da haka, manyan gidajen talabijin ba su buɗe masa ƙofa ba sai a 1967.

A cikin waɗannan shekaru ya koma zagayen makarantu da jami'o'i, yana waƙa a gaban yara da ɗalibai. Wanda ya ci gaba da naɗar muryarsa shi ne Moses Asch, mai ƙaramin kamfanin Folkways da aka kafa a 1948. A wurinsa Seeger ya yi faifai masu ɗimbin yawa, ciki har da jerin American Favorite Ballads mai juzu'i 5, tsakanin 1957 da 1962. Ke nan shekarun da aka so a dusashe muryarsa suna cikin waɗanda aka fi naɗar ta.

Sharaɗin Asch

Asch yana da aƙida guda: faifan da ya fitar ba ya janye shi daga kasuwa, ko da ba a saye. Bayan rasuwarsa a 1986, cibiyar Smithsonian da ke Washington ta karɓi kamfanin a 1987, da faifai sama da 2,000, bisa sharaɗin cewa kowanne zai ci gaba da samuwa ga mai nema. Daga wannan rumbu aka tsamo kundin 2019.

Kammalawa

Ƙwarewar Seeger ita ta samar da waƙoƙin, amma da ba a sami mai naɗa da mai ajiya da mai rubuta shekara da wuri a jikin kowane faifai ba, da ba a iya jera rayuwarsa daga ƙuruciya zuwa tsufa ba. Ɗalibin da ke nazarin makaɗan baka na Hausa, waɗanda muryoyinsu ke warwatse a rumbunan gidajen rediyo da tsofaffin kaset-kaset, ya kamata ya riƙa tambayar kowace waƙa abu uku kafin ya fara sharhi: yaushe aka naɗe ta, a ina, kuma a hannun wa asalinta yake.