Kiwon Kifi Haɗe da Noman Kayan Lambu

Wannan hikima ce ta haɗa kiwon kifi da shuka a ruwa guda, inda ƙazantar da kifi ke fitarwa, wadda guba ce gare shi idan ta taru, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke sarrafa ta, ta zama taki ga latas da kabeji da tumatir, sa'an nan ruwan ya komo wa kifin a tace.

Asasin al'amarin shi ne mizani, domin idan kifi ya yi yawa iskar ruwa takan ƙare ya halaka, in kuwa ya yi kaɗan ganye ya yi rawaya. Saboda haka masana suka ƙayyade kimanin kilo 20 na kifi ga lita 1,000 na ruwa. Tarwaɗa, da yake tana shaƙar iskar sarari, ta fi karfasa jure cunkoso.

A ƙasar Filato, inda aka kafa gonar kifi ta Panyam tun farkon shekarun 1950, sanyin hunturu yakan rage wa kifi ci, takin ya ragu, lamarin da ya wajaba mai kiwo a unguwa mai ƙarancin fili kamar Nasarawa Gwom ta Jos ya kiyaye.