Wutar Lantarki da Muryar Talaka a Ƙasar Mubi: Waiwaye Cikin Tarihi

Tarihin wutar lantarki a Nijeriya cike yake da sauye-sauyen suna. A 1972 aka kafa NEPA, a 2005 ta koma PHCN, sannan a 2013 aka sayar da rassanta ga 'yan kasuwa. Kamfanin Yola, mai raba wuta ga jihohin Adamawa, Borno, Taraba da Yobe, masu jarinsa sun janye a 2015 saboda rikicin Boko Haram, wanda ya ci garin Mubi a 2014. Duk tsawon wannan lokaci, karkarar Mubi, irin su Duvu, ta fi dogara ga itace da kananzir da man janareto.

Wannan ne ya sa tsadar mai ta zama tsadar haske. Da gwamnatin Jonathan ta janye tallafi ranar 1 ga Janairu, 2012, litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago da zanga-zangar jama'a suka tilasta saukar da ita zuwa naira 97 bayan mako biyu. Sai dai nasarar ta tsaya ga farashi, ba ta kai turakun wuta ƙauye ba. A 2023 kuwa aka sake janye tallafin.