Me Ya Sa FTP Ke Maƙalewa a Bayan Katangar Tsaro? Ga Tarihin Matsalar

Idan ka taɓa rubuta wa kwamfuta umarni don ta riƙa tura fayil zuwa sabar da kanta kowane dare, wataƙila ka gamu da wannan: suna da kalmar sirri sun shiga lafiya, sabar ta amsa da lamba 230, amma ana zuwa jero fayiloli ko tura su sai komai ya tsaya cak. Can sai lamba 425 ta fito. Washegari ka tarar ajiyar bayanan da ka dogara da ita ba ta tafi ba. Kafin ka ɗora wa netwok laifi, ka ji tarihin abin, don a cikinsa amsar take.

A watan Afrilun 1971, Abhay Bhushan na jami'ar MIT a Amurka ya fitar da bayanin farko na FTP. Lokacin intanet ɗin da ka sani babu ita, sai ARPANET, wadda ta haɗa kwamfutocin wasu jami'o'i da cibiyoyin bincike da suka yarda da juna. A Oktoban 1985, Jon Postel da Joyce Reynolds suka fitar da RFC 959, tsarin da ake bi har yau.

A wannan tsari FTP layi biyu yake amfani da su. Ɗaya na umarni, ta ƙofa mai lamba 21. Ɗayan kuma na fayil ɗin kansa. Da umarnin PORT, kwamfutarka ke faɗa wa sabar adireshinta da ƙofar da ta buɗe, sai sabar ta kira ta daga ƙofa 20. Kamar ka yi ciniki a kasuwa ne ka ce a aiko maka da kayan gida.

A Nuwamban 1988 tsutsar Morris ta bazu a intanet ta durƙusar da dubban kwamfutoci. A shekarun da suka biyo baya, ma'aikatu suka rungumi katangar tsaro, wadda ke barin kira ya fita amma ta hana baƙon kira shigowa. Ka ga ɗan aiken ya iso da kayanka, maigadi ya ce bai san da zuwansa ba. Sannan NAT ya zo: na'urori da yawa suna raba adireshi ɗaya, kowacce tana da na cikin gida irin 192.168.1.5. Idan kwamfutarka ta ba sabar wannan adireshi, babu yadda za ta same ta daga waje.

A Fabrairun 1994, Steven Bellovin ya rubuta RFC 1579, ya ba da shawarar a koma umarnin PASV. A nan sabar ce ke buɗe ƙofa ta faɗa maka lambarta, kai ka kira ta. Sai dai nauyin ya koma kan mai sabar: dole ya buɗe jerin ƙofofi a tasa katangar.

To, ga yadda za ka duba naka:

1. Ka sa umarninka ya riƙa ajiye duk amsoshin sabar. Idan 530 ka gani, matsalar suna ce ko kalmar sirri. Idan 230 ta zo sannan 425, layin fayil ne aka toshe.

2. Ka koma PASV. Amma ka sani, ftp.exe na Windows ba ya aiki da shi. Ka yi amfani da WinSCP, ko curl wanda dama ta wannan hanyar yake bi.

3. Ka karanta amsar 227. Lambobi shida ne: huɗun farko adireshi, biyun ƙarshe ƙofa. Idan ka ga 195,80, ka ninka 195 sau 256 ka ƙara 80, ya zama ƙofa 50000. Ita ce za a buɗe. Idan kuma adireshin ya fara da 192.168 alhali sabar tana nesa, mai ita ne zai gyara saitinta.

4. Idan FTPS kake amfani da shi, umarnin a rufe yake, katanga ba ta iya karanta lambar ƙofar ta buɗe da kanta. Sai an buɗe jerin da hannu.

Wannan ne ma dalilin da manhajar FTP ta wayarka ke aiki idan kana WiFi ɗaya da kwamfuta, amma a data galibi ta ƙi, saboda kana bayan NAT na kamfanin layi.

A 1995 Tatu Ylönen ɗan ƙasar Finland ya ƙirƙiro SSH, wanda SFTP ke tafiya a kansa ta ƙofa ɗaya tak, 22, kuma kalmar sirrinka a rufe. A 2021 Chrome da Firefox suka cire FTP gaba ɗaya. Idan sabar da kake aiki da ita tana karɓar SFTP, ka mayar da umarninka can tun yau, kafin wani daren ya wuce ba tare da ajiya ba.