Wasiƙun manoman Polan da gaisuwarmu

Ɗiyata ta dawo hutun zangon farko daga jami'a da wata kalma a bakinta. Tana ɗaukar darasin farko na ilimin zamantakewar ɗan'adam, wanda su ke ce wa soshiyoloji, kuma an koya musu cewa al'ummomi kashi biyu ne, na gargajiya da na zamani. Tana zaune tana jina ina aika saƙon murya gida, na yi minti huɗu ina gaishe da mutane ɗaya bayan ɗaya kafin in shiga maganar kuɗin da zan tura, sai ta yi dariya ta ce, "Baba, kai fa misali ne a littafinmu." Gaskiya abin ya ɗan sosa mini rai. Sai na karɓi littafin, daga nan na bi diddigin inda wannan ilimi ya samo asali a nan Amurka. Ashe a garin da muke zaune ya yi wayo.

A 1840 mutanen Shikago ba su kai dubu biyar ba. Kafin 1890 sun haura miliyan ɗaya, kuma mafi yawansu baƙi ne ko 'ya'yan baƙi: Jamusawa, mutanen Ailan, na Polan, da sauransu. A 1892 Jami'ar Shikago ta buɗe sashen soshiyoloji ƙarƙashin Albion Small. Tambayar da ke damun malaman ita ce wadda ke damun kowane uba a cikinmu: idan mutum ya bar ƙauyensu ya faɗo cikin wannan tarin jama'a, me ke riƙe shi, me kuma ke sake shi?

Wani malami a sashen, W. I. Thomas, tare da Florian Znaniecki ɗan ƙasar Polan, suka fitar da littafi mai juzu'i biyar tsakanin 1918 da 1920 a kan manoman Polan da ke gida da waɗanda suka yi hijira zuwa Amurka. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kayan aikinsu. Sun sa talla a jarida suka sayi wasiƙun da dangi suke aiko wa baƙin, ɗaruruwan wasiƙu, suka fassara su suka buga. Da suka zauna da su sai suka lura kusan duk ƙirarsu ɗaya ce. Ana buɗewa da ambaton Ubangiji, a faɗi cewa ana lafiya, a yi fatan mai karɓa ma haka, sannan a jero gaisuwa ga kowa da sunansa. Suka kira irin wannan wasiƙa da sunan da ke nufin wasiƙar rusunawa, suka ce babban aikinta shi ne ta nuna cewa dangi suna nan a matsayin dangi duk da tekun da ke tsakani.

To, wa ya girma a Kano ko Maraɗi bai san wannan wasiƙar ba? Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, a gaida Inna, a gaida Kawu, a gaida yara. Daga takarda muka koma kaset, daga kaset muka koma WhatsApp, jerin sunayen bai ragu ba. Wato mutanen "gargajiya" da waɗannan malamai suka auna a Amurka fararen fata ne, Kiristoci, daga tsakiyar Turai.

Sun ga cewa ikon dangi a kan mutum yana raguwa a birni, aure na mutuwa, yara na fin ƙarfin iyaye. Sun kuma ga baƙin suna gina wasu sababbin abubuwa a madadin ƙauye, irin su coci na yarensu da ƙungiyoyin taimakon juna. Duk mai zuba kuɗin asusun jana'iza a masallacinmu zai gane zancen.

Mu ma an rubuta mu. Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, littafinsa ya fito a 1969. Ya nuna cewa Hausawan can, masu fataucin goro da shanu, sun ƙara riƙe Hausancinsu ne a baƙunta, don amanar da cinikin nesa yake buƙata tana tsayuwa ne a kan maigida, harshe ɗaya da addini ɗaya. Shi ya sa ban yarda da layin nan da ake ja tsakanin gargajiya da zamani ba. Sabo ba ragowar wani tsohon ƙauye ba ce, a birni aka gina ta, saboda kasuwa.

Na nuna wa ɗiyata shafin wasiƙun Polan ɗin. Ta karanta ta yi shiru, can ta ce za ta rubuta aikin zango na gaba a kan saƙonnin muryar gidanmu, in na yarda. Na ce ta fara neman izinin kakarta, don rabin muryoyin nata ne. Ta kira ta a ranar, kuma sai da ta gaishe da mutum tara kafin ta kai ga tambayar.