Rijiyar Ruwa da Ramin Zinariya: Tarihin Ƙananan Mahaƙa a Jihar Maraɗi da Maƙwabtanta

Ƙasar Dakoro ba ƙasar zinariya ba ce. Tana zaune ne a kan rairayi da laka da suka kwanta hawa-hawa cikin babban kwarin da masana ƙasa ke kira Iwillimidan, kuma dutsen asali, wanda a cikinsa ne ake samun jijiyar zinariya, ya nutse can ƙasa inda dagin mutum ba ya kaiwa. Sai an gangaro kudu da Maraɗi, wajen Madarumfa da Ɗan Isa, sa'an nan dutsen yake leƙowa a bakin iyaka, ya zarce cikin Katsina da Zamfara. Duk da haka tarihin haƙar zinariya ya shafi Dakoro, domin ƙasa ce ta rijiyoyi masu zurfi da ci-rani, kuma ramin zinariya bai taɓa rabuwa da waɗannan abubuwa biyu ba.

A zamanin da, Bahaushe ɗan kasuwar zinariya ne fiye da mahaƙinta. Manyan mahaƙan Afirka ta Yamma suna can Bambuk da Bure da ƙasar Akan, kuma daga irinsu ne aka tara abin da Mansa Musa ya kai Masar a hanyarsa ta hajji a 1324. Wadda ta iso kasuwannin Kano da Katsina ta biyo hanyar Gwanja ne tare da goro. Harshe ma ya ba da shaida: kalmar zinariya daga dinari na Larabci ta fito, watau sunan tsabar kuɗi, haka nan miskali, ma'aunin da ya ɗara giram 4 kaɗan. Kalmomin awo da ciniki sun daɗe da zama a Hausa, na haƙa kuwa an aro su daga baya, daga wajen magina rijiya da ƴan kuza.

An fara rubuta lissafin zinariyar da ake fitarwa a Nijeriya a 1913, amma rububin gaske ya zo ne bayan 1930. Kasuwar kuza ta faɗi, kamfanonin Jos suka sallami leburori. Ingila ta saki ma'aunin zinariya a 1931, Amurka kuma ta ɗaga farashin oza zuwa dala 35 a 1934. Nan da nan ƴan kuza suka bazama rafukan Birnin Gwari da Minna da Yawuri da Zamfara, suka tafi da dabarar da suka saba da ita ta wanke ƙasa a magudana. Abin bai daɗe ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tsananta, Turawa suka koma neman kuza, har da aikin tilas tsakanin 1942 da 1944, sai wuraren zinariya suka mutu.

Dabarar wankin ba ta sake ba tun daga wancan lokaci. Ana kafa doguwar magudana ta katako ko ta ƙarfe a karkace, a shimfiɗa mata tsumma ko bargo ko guntun darduma, a zuba ƙasa daga sama ana kwarara mata ruwa. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, yashi kuwa bai kai sau 3 ba, saboda haka yashi ya wuce, ita ta maƙale a tsumma. Sai a wanke tsumman a cikin tasa, a yi ta rairaya har baƙin yashi ya rage, ƙyalli ya bayyana. Gwaninta tana wajen karkata magudanar: in ta cika tsayuwa ruwa ya tafi da ƙananan ƙwayoyi, in ta cika kwanciya laka ta toshe tsumman. Ba a koyon wannan sai a bakin aiki, kuma mai wanki yakan yi asarar kaso mai yawa bai sani ba.

A Nijar yunwa ce ta buɗe ƙofa. Bayan farin 1984 manoma da makiyaya da suka rasa hatsi da bisashe suka shiga wanke ƙasa a kwarin Sirba da sauran Liptako, kuma a waɗannan shekaru ne Koma Bangu ta ƙasar Tera ta tashi daga daji ta zama gari. Tun daga nan haƙar zinariya ta shiga jerin wuraren da ɗan ci-rani ke lissafawa bayan girbi, tare da Kano da Legas da Libiya. Mahaƙar zamani ta Samira, wadda aka buɗe a 2004, wani abu ne dabam. Mutanen da ta ɗauka aiki ba su kai ko kusa da yawan masu guga da igiya ba.

To, a nan ne ya kamata a tsaya a dubi rijiya. A ƙasar Dakoro, musamman arewa wajen kwarin Tarka, akwai rijiyoyin da suka zarce mita 50, kuma ginarsu sana'a ce mai ƙa'ida. Magini yana bin ruwa ne kai tsaye zuwa ƙasa, ba ya ratse dama ko hagu. Yana ɗaure bango da itace yayin da yake sauka, daga baya kuma, bayan kafa hukumar OFEDES a 1963, aka yawaita ɗauri da zoben siminti. Rijiya ɗaya ce a wuri, ba wanda ke gina wata a jikinta. Mai ita yana so ta kai jikokinsa, don haka ba ya ƙyashin kashe kuɗin ɗauri. Ramin zinariya ya gaji kayan aikin nan duka, dagi da guga da igiya da mai ja a sama, amma ya bar ƙa'idojin a baya. Mahaƙi yakan sauka har ya tarar da jijiya, watau farin dutsen da ke ɗauke da zinariya, sa'an nan ya kwanta ya bi ta a gicciye duk inda ta nufa. Maƙwabcinsa, wanda raminsa bai fi taku kaɗan ba, shi ma jijiyar nan yake bi. A ƙarƙashin ƙasa ramuka su haɗe, ginshiƙin da aka bari ya riƙe rufi kuma shi kansa yana da zinariya, sai wani ya sassaƙe shi da dare. Itacen ɗauri a sahel tsada gare shi, rami kuma na wata shida ne ko shekara, in jijiya ta ƙare a tashi. Wanda ya iya rijiya yakan shiga irin wannan rami da gaba gaɗi, alhali abin da ya sani game da bango a tsaye bai gaya masa kome ba game da rufin da ke bisa kansa.

Tsarin rabo ma yana tura mutum ga ganganci. Galibi mai rami ko wani mai kuɗi ne ke ciyar da mahaƙa, ya sayi kayan aiki, ba albashi. In an kai ga jijiya a raba buhunan dutse, shi ya ɗauki kasonsa bayan ya cire abin da ya kashe. Ranar da aka ɓata wajen ɗaure rami rana ce da ba buhu, bashin abinci kuwa yana hawa.

Haɗari na biyu ba ya ruftowa, shi ya sa ya fi wuyar ganewa. Farashin oza, wanda yake ƙasa da dala 300 a 2001, ya haye dala 1,000 a 2008, sai ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara suka koma fasa dutse gadan-gadan. Ana kawo dutsen cikin gida, mata su daka a turmi, a kai injin niƙa irin na hatsi, a shanya garin a tsakar gida. Dutsen wurin kuwa cike yake da dalma. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyuka irin su Dareta da Ƴargalma. Kafin a shawo kan abin yara fiye da 400 sun rasu. A wasu gidaje an auna dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 10 cikin 100. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, kuma garin Bagega bai sami wannan aiki ba sai 2013. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙasar Rafi ta jihar Neja. Wani abin lura ga masu nazarin harshe shi ne, dutsen dalma mai ƙyalli shi ne wanda aka daɗe ana niƙawa a yi tozali, don haka ido ya san shi a matsayin kayan ado, kuma wanda ya ce guba ne sai ya yi dogon bayani. Haka zaiba, wadda ake cuɗawa da garin dutse ta kama zinariya, sa'an nan a ƙona ta tashi: hayaƙinta ba ya wari, illarsa kuma galibi sai an daɗe take fitowa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2017.

A watan Afrilu na 2014 aka tsinci zinariya a Jado, can arewa maso gabashin jihar Agadas, inda na'urar gano ƙarfe ta wadatar domin tana kusa da sama. Dubban mutane suka kwarara daga Nijar da Cadi da Sudan, har gwamnati ta rufe wurin a 2017. A shekarar 2014 ɗin dai aka buɗe Cibarakatan kusa da iyakar Aljeriya, inda sai an yi rami mai zurfi cikin dutse, ruwan sha kuma sai mota ta kawo daga nesa. Hausawan jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram suna cikin masu shiga ramin.

Daga ƙarshe abin ya iso gida. A 2021 labari ya bazu an sami zinariya a karkarar Ɗan Isa, kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, cikin ƴan watanni gonaki suka koma ramuka, mutane suka taru daga ɓangarorin iyaka biyu. Ranar Lahadi 7 ga Nuwamba 2021 ramuka suka rufta a Garin Liman, mutum aƙalla 18 suka mutu, hukuma ta ba da umurnin rufe wurin. Rufewa dai ita ce maganin da hukumomi suka fi sani. An yi ta a Jado, an yi ta a Zamfara a 2019, amma ba ta rage ko ɗaya daga cikin dalilan da suka fitar da mutum daga gonarsa ba.

Masu tsara yaƙi da jahilci suna da misali a tarihinsu da ya dace da wannan hali. Bayan kafa ma'aikatar koyar da manya a 1963, abin da ya fi jawo manoman Maraɗi da Damagaram cikin aji shi ne kasuwar gyaɗa. Da hukumar UNCC ta fara miƙa wa ƙungiyoyin ƙauye ragamar awo da biya, sai manomi ya ga amfanin karanta sikeli da rubuta lissafi da Hausa, jaridu irin su Ganga da Sabon Ra'ayi kuma suka sami masu karatu. Mahaƙin yau yana tsaye inda manomin gyaɗa ya tsaya. A wasu mahaƙai na Liptako da tsinken ashana da tsofaffin tsabar kuɗi ake auna zinariya, mai saye shi ke riƙe da ma'auni, shi ke faɗin tsarkinta, shi ya san farashin Yamai da na Dubai. Wanda bai iya rarrabe giram da kashi goma na giram a rubuce ba, an gama da shi tun kafin a fara ciniki.

Aikin da ke gaban masu bincike ya fi na gyaɗa wuya ta fuska ɗaya. Kalmomin mahaƙa cakuɗe suke, Hausa da Zabarmanci da Faransanci da Larabcin Cadi, kuma sukan sake daga wannan mahaƙa zuwa waccan, dokar ma'adinai ta 2022 kuwa da Faransanci aka rubuta ta. Sa'an nan ajin koyar da manya da rani ake buɗe shi, bayan an gama girbi, watau daidai lokacin da samarin Kornaka da Dakoro ke ɗaure kayansu su hau mota.