Daga Makuba Zuwa Fenti: Launin Gidajenmu Jiya da Yau

Duk ɗan ƙasar nan da ya taho gida hutun Sallah, ko ya biyo hanyar Kwantagora da Koko ya ratso Maiyama, ko ya gangaro daga Sakkwato ta Tambuwal da Aliero, abin da zai fara cin karo da shi a bakin gari shi ne sababbin gidaje masu launi iri-iri: wannan ruwan hoda, wancan shuɗi, na gaba kore shar. Yawancinsu namu ne, mu mazauna Legas da Abuja da Kaduna. Saboda haka ya dace mu waiwayi yadda kakanninmu suka bi da wannan al'amari, domin ba yau aka fara tunanin kamannin gida ba.

Masana tarihi sun nuna cewa Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana ne ya kafa Jega a wajajen 1820, a gaɓar Gulbin Zamfara, kuma kafin ƙarnin ya ƙare kasuwarta ta shiga sahun manyan kasuwannin Daular Usmaniyya. Fataken da suka yi arziki a cikinta sun gina soraye da zauruka, amma babu ɗayansu da ya taɓa zaɓen launi a kanti. Launin gida daga jikin kayan gininsa yake fitowa. Magini zai kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ya mulmula tubali, ya shanya, ya jera, ya ɗora azarar giginya. Sannan a zo yaɓe, wanda a nan gwanintar take. Ana jiƙa ɓawon 'ya'yan ɗorawa a samu makuba, a gauraya da ƙasa a shafe bango, sai ya fito ja mai duhu, ruwan sama kuma ya riƙa zamewa a kansa. Mai hali yakan sa a yi masa laso, wato katsin marina da gashin majema da ruwan dafara, a shafe rufin soro da zankwaye, su yi toka-toka. Farar ƙasa kuwa ta cikin ɗaki ce da bakin ƙofa, galibi aikin mata, musamman idan za a kawo amarya. Ja mai duhu a jiki, toka a sama, fari kaɗan a baki: launi uku ke nan, kuma dukkansu ƙurar hunturu ba ta ɓata su, domin da bangon da ƙurar asalinsu ɗaya.

Kwano da siminti ne suka sauya wannan tsari. Kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato ya fara aiki a 1967, kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata bayan 1974, bulo ya fara korar tubali. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, sannan aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, gine-gine suka ƙaru ainun, ga kuma kuɗin albasa da na shinkafa. Ba mu zargin kowa da barin ginin ƙasa. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta kwantar da gidaje a jihar nan ba zai yi wa mai bulo dariya ba.

Sai dai bulon siminti ba shi da launin kansa, dole a shafa masa, kuma a nan ne da yawanmu muka yi tuntuɓe. Mukan ga gida a Maitama ko Lekki, mu ɗauki hotonsa mu aika wa mai fenti, mu manta cewa can ƙasa a lulluɓe take da kwalta da ciyawa. A nan kuwa iskar hunturu tana yini tana watsa jar ƙura, ruwan damina yana fantsama laka a gindin bango, ranar bazara tana cinye shuɗi da kore. Farin gida tas da aka kashe dukiya a kansa, kafin Sallah ta zagayo ya yi jirwaye, mai shi kuma yana birni, sai tsofaffin da ke ciki su zauna da shi haka. Baƙin rufi ma, wanda ake yayi, zafi yake tarawa a kan mutanen ɗaki a watan Afrilu.

A ganinmu, wanda ya yi katanga ko fuskar gida da jan bulo ya riga ya sami rabin aikin, kada ya rufe shi da fenti. Abin da ya rage na filasta a ba shi ruwan ƙasa ko ruwan madara, gindin bango kamu biyu ko uku a yi masa ja mai duhu irin na makuba, rufi ya zama mai haske, fari kuma a tsare shi ga tagogi da bakin ƙofa. Kafin a sayi bokiti goma, a shafa kaɗan a bangon gabas, inda iska da ruwa suka fi duka, a bar shi mako biyu a gani. Idan kuma akwai tsohon zaure a gidan gado, a nemi dattijon magini ya duba shi kafin a kira mai rusau, domin masu sanin haɗin makuba da laso sun fara ƙaranci a garuruwan nan uku.