Yadda ake raba layukan intanet biyu a ofis ɗaya

A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar tekun Kodebuwa. Biyu daga ciki, SAT-3 da ACE, a Kwatano suke sauka, shi ya sa Jamhuriyar Benin ta shiga cikin ƙasashen da abin ya fi shafa.

Ɗan kasuwar da ke da shagon tura kuɗi a Agontinkon ko Zango zai iya haɗa layuka biyu, misali na MTN da na Celtiis. Sai dai a al'ada na'urar rarraba intanet inda saƙo zai je kawai take dubawa. Tsarin da masana ke kira PBR shi ne ke sa ta duba daga inda saƙon ya fito: kwamfutar lissafi ta bi layi na farko, wayoyin ma'aikata su bi na biyu.

A na'urorin Cisco ana fara ware adireshin kwamfutocin, sannan a rubuta ƙa'ida mai ɗauke da umarnin set ip next-hop, a jera adireshin ƙofar fita ta farko da ta ko-ta-kwana. A nan ne da yawa ke yin tuntuɓe. Muddin wayar da ke tsakanin na'urar da ta kamfani tana aiki, na'urar za ta ɗauka komai lafiya, ko da can gaba hanya ta yanke, ta yi ta zuba saƙonni a rijiya. Maganinsa shi ne a ƙara verify-availability, a haɗa shi da IP SLA, wanda ke ƙwanƙwasa wani adireshi mai nisa lokaci-lokaci. In ba amsa, sai a koma ƙofa ta biyu. A MikroTik kuwa akwai check-gateway=ping, amma shi ƙofar kusa kaɗai yake gwadawa.

Lokacin sauyin, adireshin da duniya ke gani yana canjawa, don haka cinikin da ake tsakiyar yi kan katse, sai an sake shiga.

Kafin a biya kuɗin layi na biyu, ya kamata a tambayi kamfanin ta wace wayar teku yake fita. In waya ɗaya kamfanonin biyu ke bi, tare layukan za su mutu ranar da ta lalace.